Tunau da Ƙofar Kurmin Giyayya

Tun zamanin da, lokacin da daji ya fi gari yawa, mutum kan yi tafiyar kwana uku bai ji carar zakara ba, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Mutumin yamma ne, daga ƙasar duwatsu, inda sai an haƙa gaba goma kafin a ga ruwa. Dogo ne baƙi, mai ƙarancin magana, kuma magabata sun ce tun da ya fara ɗana kibiya bai taɓa harbin dabba ɗaya sau biyu ba. Makaɗan maharba kan yi masa kirari su ce, "Tunau, kibiya ɗaya nama ɗaya! Angon dawa, mai kwana inda zaki ya tashi!" Shi kuwa ko kallonsu ba ya yi, sai dai ya gyara ratayar kwarinsa ya wuce.

Wata shekara da kaka ya ci karo da sawun wani gwanki, ya ɗauki sawun ya bi. Kwana bakwai suna fuskantar gabas, shi da dabbar nan. Duk sanda ya ja tsarkiya sai ta gusa bayan itace, sai ka ce raɗa mata ake yi. Ran na bakwai da hantsi gwankin ya kutsa cikin doguwar ciyawa ya ɓace, Tunau ya hau wani tudu don ya hango shi. Abin da ya gani daga kan tudun ya mantar da shi gwankin. Ruwa ne kwance iyakar ganin ido, bado ya rufe shi da furanni, burugu da gamba sun kewaye shi. Tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, in suka tashi gaba ɗaya sai rana ta dushe. Ga ɓauna suna birgima a laka, ga barewa da mazo suna kiwo gab da juna, ba wadda ta ɗago kai don ta ga mutum, domin ba su san abin da baka ke yi ba.

A kan tudun nan akwai bukka ɗaya tak, ta wata tsohuwa masunciya mai suna Kyallu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun bi kogi sun yi gaba, ita ta ce ba inda za ta. Ta kawo wa baƙo ruwa a ƙwarya, ta dube shi daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, zama ka zo yi ko wucewa?"

Ya ce, "Zama, Inna, in kin yarda."

Ta ce, "Ni wace ce da zan yarda ko in ƙi? Fadamar kowa ce. Ni ma tarar da ita na yi."

Ta zubo masa miyar gaiwa, wato kifin nan mai zama cikin laka. Tunau ya yi godiya, amma ya ture akushin gefe. A wajen maharban ƙasarsu abin kunya ne namiji ya ci abin da ke kwana a taɓo. Naman namiji shi ne wanda ya yi gudu aka cim masa. Maharba ke nan, Allah ya yi su da girman kai ko ciki ba komai! Tsohuwa ta jawo akushinta ta cinye.

Tunau ya koma yamma ya zo da ƙaninsa Cindo, da matansu da 'ya'yansu da karnukansu. Labari ya bazu, maharba suka yi ta ɓullowa gida-gida, manoma suka biyo baya suka shuka gero a kan jigawa. Kafin shekara biyar tudun ya zama gari, ana kiransa Tudun Tunau, shi kuma aka ba shi sarautar Sarkin Baka.

To, mutanen nan da irin farautarsu suka zo, wadda suke kira zobe. In rani ya yi, ruwa ya ja baya, ciyawa ta bushe, sai su zaɓi yanki guda na fadama, su kewaye shi kowa da bakin wuta a hannu. Sarkin Baka ya busa ƙaho, a cinna wa ciyawa wuta lokaci ɗaya ta kowace fuska. Abin da ya tsallako wuta ya haɗu da kibiya, wanda ya tsaya ciki ya gasu. A ƙasar duwatsu ba a taɓa iya rufe zobe ruf, kullum akwai kwazazzabo ko tsauni da dabba ke sulalewa ta ciki. Nan kuwa ƙasa shimfiɗe take, ba tudu ba kwari, zobe na haɗuwa ko zomo ba ya fita. Wannan shi ne abin alfaharinsu. In an dawo gari sai ka ji ana tambaya, "Me ya tsira?" a amsa da shewa, "Ko ɓera!" Ba a zaɓen namiji ko mace, ba a duba mai ciki ko mai shayarwa. Nama ya yi yawa har karnuka suka fara yanga.

Sau ɗaya Kyallu ta yi magana. Ta tsaya bakin hanya da sandarta ana wucewa da nama, ta ce, "Sarkin Baka, wannan wutar taku ba sama kaɗai take ci ba." Maharba suka kwashe da dariya, Cindo ya ce tsufa ne ya fara taɓa Inna. Tunau bai yi dariya ba, amma kuma bai tambaye ta abin da take nufi ba, wannan kuwa ya daɗe yana cizon yatsa a kansa.

Shekara tara ana haka. Ɓauna ce ta fara ƙarewa, sannan mazo ya yi wuyar gani. Dinya ta zo da damina ta rasa ciyawar da za ta yi sheƙa, ta juya. Zoben da a da ke cika gari da nama ya koma zomo biyar da gafiya. Maharba suka ce sammu ne, suka yi yanka, suka sake layu, suka zargi juna. Ba wanda ya dubi bakin wutar da ke hannunsa.

Sai ga shekara ta goma, damina ta yi gardama. Kogi bai cika ba balle ya malalo fadama, gero ya bushe tun bai yi kai ba. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun zama wayam. Mata suka koma tafasa ganye, yara suka daina wasa a dandali, suna zaune jikin danga ido zuru-zuru. Wuri ɗaya ya rage da ɗanyar ciyawa a duk fadamar, wani kurmi na itatuwan giyayya can arewa, inda laka ke riƙe damshi. Ba a taɓa yi masa zobe ba saboda nisa. Duk abin da ya saura da rai a dajin nan, can ya tattara.

Tunau ya je shi kaɗai ya hau wata giyayya ya wuni yana kallo. Ya ga gwanki goma sha ɗaya, bakwai a ciki da tsohon ciki. Ya ga barewa ba su fi ashirin ba, da mazo biyu, da gauraka guda huɗu suna tsaye a gefe. Ya san sawun kowace dabba a ƙasar nan, ya kuma san babu sauran wasu a ko'ina. In aka rufe wa waɗannan zobe, gari zai ci nama kwana ashirin, daga nan daji ya mutu har abada, garin da ya kafa ya watse. In kuma ya hana, da wane baki zai yi wa uwar da ɗanta ke kukan yunwa bayani? Mutumin da zaki bai taɓa razana shi ba, ran nan tsoro ya kama shi sosai, ya sauko daga itacen ya kama hanyar gida.

Da ya dawo ya tarar da maza sun taru a ƙofar gidansa, Cindo a gaba.

Cindo ya ce, "Yaya, gobe sai Kurmin Giyayya. Ka busa mana ƙaho."

Tunau ya ce, "Su ke nan suka rage, Cindo. Mafi yawa masu ciki ne."

Cindo ya ce, "Haba Yaya! Matata ma ciki gare ta, kwana biyu rabonta da abin kirki. Cikin gwanki ya fi nata ne?"

Wannan magana ta soki Tunau, don ba ƙarya a cikinta, Cindo kuma ba mugu ba ne, yunwa ce da tausayin iyali. Ya ce su ba shi zuwa gobe da azahar. Aka watse ana gunaguni.

Da gari ya waye ya nufi bukkar Kyallu, don akwai abin da ya lura da shi tun tuni, girman kai ya hana shi tambaya. Kowa a gari ya rame ya yi baƙi, tsohuwar nan kuwa tana nan yadda take, har da ƙarfin ɗauko itace. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, don Allah me kike ci?"

Ta ce, "Oho, yau kuma? Abin da ka ture shekara goma da suka wuce. Ɗauko min dagin can, mu je."

Ta kai shi wani fage da suka ƙone watan da ya gabata, ƙasa baƙa ƙirin da toka. Ta duba ta duba, ta nuna masa wata 'yar ƙofa a busasshiyar laka, ba ta fi a zura ɗan yatsa ba. Ta ce ya haƙa. Ya haƙa kamu biyu, sai ga gaiwa a naɗe cikin wani kumbo na laka, ta mutu ta bushe. Suka haƙa na biyu da na uku, duk haka. Daga nan ta ja shi suka yi arewa, har inda wuta ba ta taɓa zuwa ba, daura da kurmin. Ta buga gindin sandarta a ƙasa, ta ce ya kasa kunne. Wallahi sai ga wani ɗan gurnani daga ƙarƙashin ƙafarsa! Ya haƙa, ya ciro gaiwa mai rai, tsawon hannu, jiki duk kitse.

Kyallu ta ce, "In ruwa ya janye, nan suke shiga su kwanta har damina. Daga nan zuwa bakin kurmi duk su ne, ga kuma saiwar bado a ƙarƙashi. Abincin garinku na wata uku yana kwance a nan. Ku maharba idonku na kan abin da ke gudu, ba ku taɓa duban inda kuke takawa ba. Kun toya rabin fadama da abin da ke cikinta, ba ku ci ba, ba ku bar wa kowa ba."

Tunau ya tsaya riƙe da kifin, kunya ta rufe shi har ya kasa haɗa ido da ita. Yana cikin haka sai hancinsa ya jiyo hayaƙi. Ya ɗaga kai. Ashe Cindo bai jira azahar ba, ya ga yayansa ya fita da sassafe ya zaci guje wa magana ya yi, ya kwashi maza sun zagayo ta gabas. Ga hayaƙi ya tashi ta kudu, ya tashi ta gabas da yamma. Ɓangaren arewa kaɗai ya rage, wajen tsohon kwarin kogi, nan ne kuma lakar da gaiwar ke kwance.

Ya yar da kifin ya zura da gudu. An ce ran nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, wasu kuma sun ce gudu ne kawai na mutumin da ya san abin da zai rasa. Ya iso ya tarar da tazarar da ta rage ba ta fi taki arba'in ba, Cindo na tsaye a bakinta da bakin wuta yana shirin sunkuyawa. Daga cikin kurmi ana jin kukan dabbobi da karyewar rassa.

Tunau ya daka tsawa, "Cindo, kada ka rufe!"

Cindo ya ce, "Ka makara, Yaya. Matsa!"

Ya kai wutar ga ciyawa. Tunau bai tsaya wata magana ba, ya kai hannun dama, hannun da yake jan tsarkiya da shi, ya damƙe kan bakin wutar inda take ci, ya matse. Ƙaurin fata ya tashi. Bai saki ba, bai yi ƙara ba, yana kallon ƙaninsa ido cikin ido har garwashin ya mutu a tafinsa. Cindo ya saki icen ya ja da baya yana salati, sauran maza da ke kusa suka sandare, ba wanda ya iya ɗaga baka.

Sai dabbobi suka ɓarko ta wannan ƙofa. Gwankaye ne a gaba, masu cikin suna nishi, barewa na biye, mazo, zomaye, har da kunkuru yana ja a baya. Tunau na tsaye a tsakiya, suka rabu biyu suka wuce ta damansa da hagunsa, ko gashin ɗaya bai goge shi ba. Magabata sun ce da ta ƙarshe ta fita sai iska ta juya ta koma kudu, wutar ta koma kan tokarta ta rasa abin ci, ta mutu tun ba ta kai tsakiyar kurmin ba.

Tirƙashi! Da hankali ya dawo jikin mutane sai fushi ya taso. Ga nama ya wuce ta gaban idonsu, ga yara a gida. Wani ya ce a tuɓe shi daga sarauta, wani ya ce a kore shi ya bi gwankayensa. Tunau ya ɗaga ƙonannen hannun, aka yi tsit.

Ya ce, "Ku ajiye baka, kowa ya nemo dagi ko fartanya, ku bi Inna Kyallu. In rana ta faɗi akwai tukunyar da ba ta hau murhu ba a garin nan, ba sai kun kore ni ba, da ƙafata zan fita."

Haka manyan maharba, masu layu har gwiwar hannu, suka bi tsohuwa a baya suna buga ƙasa da sanda suna kasa kunne. Abin dariya abin tausayi. Wanda ya fara ciro gaiwa ya riƙe ta nesa da jikinsa yana yamutsa fuska. Amma kafin la'asar an cika kwanduna, mata sun tono saiwar bado tuli. Kyallu ta kafa musu sharaɗi tun a wurin: in an haƙa rami biyu a tsallake na uku, kuma a mayar da ƙasa inda aka tona. Da magariba kowane gida hayaƙi na tashi. Waɗanda suka rantse ba za su ci abin taɓo ba, su aka gani suna suɗe akushi suna tambayar ko da saura. Cindo da kansa ya kawo wa yayansa miya, ya tarar Kyallu na shafa masa magani a hannu. Ya durƙusa yana hawaye. Tunau ya ce, "Tashi, je ka ba matarka tukuna."

Gaiwa da bado suka riƙe gari har ruwa ya sauka. Damina ta yi kyau, kogi ya malalo, gaiwar da aka tsallake ta fito ta cika fadama da 'ya'ya. Da kaka aka ga gwankayen nan sun dawo bakin kurmi, kowace da ɗan maraƙi a gindinta. Matar Cindo ma ta sauka lafiya. Hannun Tunau kuwa ya warke a dunƙule, yatsun ba su sake miƙewa ba, bai ƙara jan tsarkiya ba har ya bar duniya. Abin ya yi masa ciwo, ba a ɓoye wannan. Akan gan shi zaune yana kallon bakansa a rataye. Amma in aka yi masa jaje sai ya ce ai hannun ya yi harbinsa mafi kyau a ranar.

Ya so ya ajiye sarautar tunda ba ya iya harbi, amma mutanen gari suka ƙi karɓar ta daga gare shi. A gabansu ya kafa dokokin da aka bi bayansa. Ba a sa wa fadama wuta, ko ta wane dalili. Ba a shiga Kurmin Giyayya da makami. Ba a farauta daga faɗuwar ruwan fari sai an kai amfanin gona gida. In kuma an yi zobe, da mutane da karnuka za a yi shi, a bar fuskar arewa a buɗe taki arba'in, Sarkin Baka ya tsaya a wurin hannu wofi, duk abin da ya bi ta gefensa ya tsira ke nan. Shekara ashirin da biyu Tunau yana tsayawa a wannan ƙofa, dabbobi suka yawaita har ɓauna ta dawo, dinya ta sake rufe rana.

Har yau in ka je Tudun Tunau da rani za ka ga ana wannan farauta. An ce da ma'aikatan gandun daji suka zo kafa alamun hana ɓarna, sun tarar ba abin da za su koya wa mutanen, sai suka kafa allonsu daidai inda dokar gari ta riga ta tsaya. Amma kada ka wahalar da kanka neman kabarin Tunau, ba za ka same shi ba. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira Cindo, lokacin shi ma ya yi furfura, ya ce a binne shi a tsakiyar ƙofar nan ta arewa, inda ya saba tsayawa.

Cindo ya ce, "Yaya, nan fa hanyar dabbobi ce. Tattake ka za su yi."

Tunau ya ce, "Na sani. Ku dai baje ƙasar sosai, kada ku tara tudu, kada ku sa dutse. Masu ciki ne ke wucewa ta nan da gudu, kada wata ta yi tuntuɓe da ni."